Wace burauza ce za ta iya da tsohuwar kwamfuta mai ram 2GB?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Na sa Lubuntu, wani tsarin Linux mara nauyi, a tsohuwar laftof ɗina mai ram 2GB, kuma gaskiya ta farfaɗo, tana tashi da wuri, rubutu da karanta PDF duk lafiya lau. Amma da na buɗe Firefox, burauzar da ta zo da shi, na ɗan tara shafuka, sai komai ya tsaya cak, ko linzami ba ya motsi, fanka kuma ta yi ta kuka. Akwai wata mara nauyi da zan koma? Kuma yaya ake girka ta? Ni sabuwa ce a harkar Linux, don Allah a bi ni a hankali.

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ki sa Chrome kawai ki huta, ita kowa ke amfani da ita.

Ɗanjuma: Haba Sadiƙ. Baiwar Allah ta ce ram 2GB gare ta, kai kuma ka tura ta wurin wadda ta fi kowa ci? Ƙanwata, Pale Moon za ki nema. Zan dawo in yi miki bayani.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Nafisa. Kafin kowa ya tallata miki tasa, ki fara ganin abin da ke faruwa da idonki. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ki rubuta `free -h` tun ba ki buɗe komai ba, ki duba lambar da ke ƙarƙashin available. Sai ki buɗe burauzar da shafi guda fari fat, ki sake rubutawa. Sannan ki shiga shafukan da kika saba shiga, ki sake dubawa. Ki kawo mana abin da kika gani. Ki haɗa da `uname -m`, mu san ko injin 64-bit ne ko 32-bit, don rabin shawarar da za a ba ki a kan wannan ta rataya.

Nafisa: To Malam, na yi. Ya rubuto x86_64. Da fari fiye da rabin ram ɗin a sake yake. Da na buɗe burauza ba komai a cikinta ya ragu, amma ba sosai ba. Ina shiga imel da wani shafin labarai da na bidiyo, sai ya kusa ƙarewa, layin swap kuma ya fara cika.

Malam Habu: Madalla, kin ga amsar da kanki. Burauzar tana da nata nauyin, amma shafukan ne suka cinye wurin. Shafin intanet na yanzu ba takarda ba ce da ake karantawa, manhaja ce sukutum da ake turo miki ta JavaScript, injinki ya yi aikinta, ga tallace-tallace da masu bin diddigi kowanne da nasa kayan. Da ram ya cika sai tsarin ya fara kwashe abubuwa zuwa faifan ajiya, wato swap ɗin da kika ga yana cika. In faifan irin tsohon nan ne mai juyawa, ya fi ram jinkiri nesa ba kusa ba, shi ya sa har linzami ke ƙamewa. Sa tsari mara nauyi kamar sauke wa jaki akumari ne, an rage masa wani abu, amma buhunan suna nan a bayansa.

Abu na biyu, duk yawan sunayen burauzoji da za ki ji, manyan injinan da ke cikinsu uku ne: Blink na Chrome da Chromium da Brave da Vivaldi da Opera da Edge, Gecko na Firefox, sai WebKit na Safari da GNOME Web. Wadda aka ce miki mara nauyi ce, in ta iya buɗe shafukan zamani duka, to galibi ɗaya daga cikin ukun nan ne a cikinta, fuska kawai aka canza. Ram ɗin da shafi zai ci a can, kusan shi zai ci a nan.

Ɗanjuma: Malam, da girmanka, amma a nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Pale Moon ba ta cikin ukun da ka lissafa. Daga Firefox ta ɓalle tun 2009, yanzu injinta daban, Goanna ake ce masa. Babban bambancin shi ne ita ba ta rarraba kanta gida-gida. Ki buɗe `htop`, mai nuna ayyukan da ke gudana a inji, lokacin da Firefox ko Chromium ke aiki, za ki ga layi bayan layi duk sunanta ne, saboda kowane shafi ana ware masa nasa aikin, kuma kowane aiki yana da kason ram da yake riƙewa ko shafin bai yi komai ba. Pale Moon aiki ɗaya take tafiyar da komai. A injin da ke da 8GB ba za ka ji bambancin ba, amma a 2GB ai ko makaho ya shafa ya ji.

Girka ta ma ba wuya. A shafinsu za ki sauke fayil mai ƙarewa da tar.xz, ki warware shi a cikin babban fayil ɗinki na gida, ki shiga ciki ki danna palemoon. Shi ke nan.

Malam Habu: Gaskiyarka kan ram, ban musa ba. Amma ka faɗa mata dalilin da ya sa manyan suka koma rarraba aikin, ai ba don nishaɗi ba ne. Katanga ce. In wani mugun shafi ya samu kafa a cikin burauza, ana so ya tsinci kansa a kulle a ɗaki ɗaya, ba ya ganin abin da ke shafin banki da ke buɗe a gefe. Firefox ta kunna wannan ware shafukan ga kowa tun siga ta 95, ƙarshen 2021. Wadda ke aiki ɗaya ba ta da irin wannan katangar. Ram ɗin da ka samu, da wani abu ka saye shi.

Ɗanjuma: Amma suna fitar da gyaran tsaro a kai a kai, ba yasasshiya ba ce. Kuma kada a manta sun zubar da tarin abubuwan da sababbin burauzoji ke ɗauke da su, abin da babu shi kuwa ba a kai hari ta kansa.

Malam Habu: Ba yasasshiya ba ce, na yarda. Ni dai abin da zan ce, karatu da yawo a shafukan da aka sani, bismilla. Kuɗi da kalmar sirrin imel kuwa, a bar su a wurin wadda ɗaruruwan idanu ke kanta kullum. Debian ma, tsarin Linux ɗin da aka gina Ubuntu a kansa, a bayanan da take fitarwa tare da kowace siga Firefox ko Chromium take ba da shawara a yi amfani da su a yawon yau da kullum, don su ne ake iya bin gyaran tsaronsu ba tare da jinkiri ba.

Anti Rabi: Ku maza kun tsaya gardamar injina kun bar yarinya da kwamfuta a ƙame. Nafisa 'yata, kafin ki canza komai yi abu biyu. Na farko, ki sa uBlock Origin, mai toshe tallace-tallace, a burauzar da kike da ita yanzu. Shafin labaran nan da ya cinye miki ram, mafi yawan abin da yake lodawa ba labarin ba ne. Na biyu, ki sa zram: `sudo apt install zram-tools`, ki sake kunna injin. Abin da yake yi shi ne ya ware wani yanki na ram ya riƙa matse abubuwa a ciki maimakon ya kai su faifai. Furosesa za ta ɗan ƙara aiki, amma ƙamewar nan tana raguwa sosai. In kin yi waɗannan biyun ba ki ga canji ba, sai mu zo maganar Pale Moon da sauransu.

Kuma a Firefox ki rubuta about:processes a wurin adireshi. Zai jero miki kowane shafi da abin da yake ci, ki ga ɓarawon da idonki ki rufe shi.

Sadiƙ: Anti ai Chrome ma tana da uBlock ɗin.

Anti Rabi: Da can. Tun 2024 suka fara kashe ƙarin manhajojin da ke kan tsohon tsari, suka koma wanda suke kira Manifest V3. Abin da ya rage a can shi ne uBlock Origin Lite, yana aiki amma bai kai na asalin ƙarfi ba. Firefox har yanzu tana ɗaukar cikakken. A ƙaramin inji wannan kaɗai ya isa ya sa in zaɓi Firefox.

Nafisa: Na gode Anti, na gode Malam. Tambaya ɗaya: na ga ana cewa Firefox ta Lubuntu snap ce. Mene ne shi, kuma yana ƙara nauyi?

Malam Habu: Hanya ce ta ƙunshe manhaja tare da duk kayan da take buƙata a dunƙule ɗaya. Daga Ubuntu 22.04, da 'yan gidanta irin su Lubuntu, Firefox a haka take zuwa. Chromium ma tun 19.10 aka mayar da ita haka. Ko kin rubuta `sudo apt install firefox`, snap ɗin zai jawo miki, don abin da ke rumbun apt ɗin, inda tsarin ke ɗauko manhajoji, ɗan saƙo ne kawai. In ta riga ta buɗe, bambancin ram ba wani babba ba ne. Inda ake ji shi ne buɗewar farko bayan an kunna inji, musamman a faifai mai juyawa, sai kuma wurin da take ci, don snap yana ajiye tsohuwar siga a gefe bayan ya sabunta.

In kina son ta gargajiya, tun farkon 2024 Mozilla ta buɗe nata rumbun na deb. Matakai uku ne kuma suna rubuce a shafin taimakonsu: ki sauke makullinsu, ki ƙara adireshin rumbun, sannan ki rubuta ɗan fayil da zai gaya wa apt ya fifita nasu a kan na Ubuntu. Na ukun nan shi mutane ke tsallakewa, sai ran da suka sabunta tsarin su ga snap ya dawo. Ki kwafi umarnin daga shafin Mozilla kansa, kada ki kwafa daga bidiyon wani ko daga nan ma. Kuma kafin ki cire tsohuwar ki fitar da alamomin shafukanki da kalmomin sirri, don snap a wani wuri daban yake ajiye su, sabuwar ba lallai ta gan su ba.

Ɗanjuma: Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Makulli, rumbu, fayil ɗin fifiko, duk ga wadda ta ce sabuwa ce. Tawa fa warwarewa ce kawai a danna.

Anti Rabi: Firefox ma tana da irin wannan fayil ɗin na warwarewa, Ɗanjuma, kuma tana sabunta kanta muddin tana da izinin rubutu a inda aka ajiye ta. Abin da ba ka faɗa mata ba shi ne duk wadda aka girka ta haka ba za ta fito a jerin manhajoji ba, sai an rubuta mata ɗan fayil mai ƙarewa da .desktop an jefa a `~/.local/share/applications`. Kuma apt bai san da zamanta ba, in ya sabunta komai ita ba ya taɓa ta. Ni ƙa'idata ita ce rumbun tsarin da farko, in babu sai rumbun masu manhajar, in babu sai fayil daga shafinsu na ainihi. Flatpak, wata hanyar ƙunshe manhaja irin snap, yana da kyau amma kayan da yake jawowa a karon farko suna da yawa, in faifai ƙarami ne a yi lissafi tukuna.

Mustafa: Ba wanda ya ambaci Falkon. Tunda fuskar Lubuntu, LXQt, da kayan gini na Qt aka yi ta, ita ma Falkon Qt ce, suna shiga da juna sosai. `sudo apt install falkon` kawai, tana da abin toshe talla a jikinta.

Malam Habu: Tana da daɗin amfani, kuma fuskarta ba nauyi. Da can QupZilla ake ce mata kafin ƙungiyar KDE ta karɓe ta. Sai dai cikinta QtWebEngine ne, shi kuma Chromium ne aka yi wa kwaskwarima, don haka shafi mai nauyi nauyinsa na nan. Matsalar da ta fi damuna ita ce wanda ke rumbun tsari yakan daɗe ba a sabunta shi ba, yana bayan Chromium na yanzu da sigogi da yawa. Ta biyu ce mai kyau, ba ta farko ba.

Mustafa: To Midori fa? Kowane jerin burauzoji marasa nauyi sai ka gan ta a sama.

Anti Rabi: Waɗannan jerin kwafar juna suke yi tun shekaru goma da suka wuce. Midori ɗin da ta yi suna da rashin nauyi ta WebKit ce. A 2019 aikin ya koma hannun Astian, kuma wadda suke fitarwa yanzu a kan Gecko aka gina ta, wato 'yar gidan Firefox ce. Suna ɗaya, kaya daban. In ka ci karo da tsohuwar a wani rumbu, an daɗe da daina kula da ita, kada ka shiga da ita ko'ina mai muhimmanci.

Masu sauƙin gaske su ne waɗanda suka haƙura da JavaScript. Dillo tun 1999 take, ta yi dogon barci, aka farfaɗo da ita a 2024. Kafin ka ɗauke yatsa daga linzami ta buɗe. NetSurf kuma nata injin ne na kanta, a kan tsarin RISC OS aka fara ta, ta fi Dillo iya tsara shafi. Ni da su nake karanta Wikipedia da dogayen rubuce-rubuce da littattafan bayanin manhajoji, kuma ko shafi nawa na buɗe injin bai san ana yi ba. Amma fa a san iyakarsu: ba YouTube, ba WhatsApp na burauza, ba cike fom na zamani. Gmail ya rufe sauƙaƙƙiyar fuskarsa ta HTML a farkon 2024, binciken Google ma tun farkon 2025 yake neman JavaScript. Don bincike sai a yi amfani da lite.duckduckgo.com, wannan yana aiki a cikinsu lafiya.

Nafisa: Anti na sa uBlock da zram ɗin. Shafin labaran da ke cinye komai yanzu a about:processes bai kai rabin abin da yake ci da ba. Imel da shafukan karatu suna tafiya tare ba ƙamewa. Na sa Dillo ma don in gani, abin dariya, kamar ba a buɗe komai ba. Bidiyo ne kawai har yanzu yake sarƙewa, murya na gaba hoto na baya.

Sadiƙ: Wannan kam na san shi. Ba ram ba ne, furosesa ce. YouTube yakan turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, tsofaffin injina kuma H.264 kawai katin hotonsu ya iya warwarewa da kansa, sauran sai furosesa ta yi da ƙarfin tsiya. Akwai ƙarin manhaja mai suna h264ify da ke tilasta a turo H.264. Ki kuma sauke ingancin zuwa 480p. In kina son abin da ya fi haka, ki girka mpv da yt-dlp, ki rubuta mpv a tamina ki liƙa adireshin bidiyon a gabansa, zai buɗe ba tare da burauza ba sam. Sai dai yt-dlp yana son sabuntawa a kai a kai, na cikin rumbu yakan tsufa ya daina aiki.

Ɗanjuma: Kai, ashe yaron nan ya san abu. Na ɗauka Chrome kawai ka iya faɗa.

Bala: Salam. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda maganar ɗaya ce. Nawa injin ya fi nata tsufa, ram 1GB, kuma `uname -m` i686 yake ba ni, wato 32-bit. antiX na sa, Linux na tsofaffin injina. Me ya rage mini?

Malam Habu: Wa alaikas salam, Malam Bala. Naka lissafin daban ne, don ƙofofin 32-bit rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Chrome ta daina fitar da ta Linux 32-bit tun Maris 2016. Lubuntu ma 18.04 ce sigarta mai dogon tallafi ta ƙarshe da ta ɗauki irin injinka. Debian 13 da ta fito a 2025 ba ta da faifan girkawa na i386. Mozilla kuma ta tsaya a Firefox 144 ga Linux 32-bit, sai layin ESR 140, wato mai dogon tallafi, da ya ci gaba da samun gyaran tsaro na ɗan lokaci bayan haka. Don haka ka yi daidai da ka zaɓi antiX. Ka fara da `sudo apt install firefox-esr`, ka riƙe ta don abubuwa masu muhimmanci muddin gyara na zuwa mata. ESR sau ɗaya a shekara take babban canji, tsakani gyaran tsaro ne kawai, abin da tsohon inji ke so ke nan.

Ka kuma rubuta `grep -o sse2 /proc/cpuinfo`. In ya fito da sse2, to da sauƙi. In bai fito da komai ba, furosesarka ba ta da rukunin umarnin SSE2 da ya fara zuwa da Pentium 4, kuma Firefox ta bar irinsu tun siga ta 53 a 2017.

Ɗanjuma: A 1GB dai Malam ko kai ka san shafi ɗaya zuwa biyu ne iyakar Firefox. Malam Bala ka duba SeaMonkey, burauza da imel duk a manhaja ɗaya, gadon tsohuwar Mozilla ce, ba ta da ci. A nan kam ba za ka ce mini a'a ba.

Malam Habu: A 1GB ba zan ce a'a ba. Sharaɗina dai bai canza ba, banki da kalmar sirri a wadda ta fi samun gyara, ko kuma a yi su a waya.

Bala: sse2 ya fito, alhamdu lillahi. Amma ga wata sabuwa: duk shafin da na shiga sai a ce takardar shaidarsa ba ta inganta ba, a kowace burauza kuwa.

Anti Rabi: Rubuta `date` a tamina ka gaya mana shekarar da ya nuna.

Bala: Ikon Allah. Wai muna 2005.

Anti Rabi: Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon injin ne ya mutu, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. Takardun shaidar shafuka suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya koma baya sai burauza ta ga duk ba su fara aiki ba. Ka gyara kwanan wata yanzu, ka sa tsarin ya riƙa karɓar lokaci daga intanet, batirin kuma ka canza shi, yawanci CR2032 ne, ko da yake a wasu laftof a naɗe yake da 'yar waya. In agogo ya daidaita kuma wasu shafukan suka ci gaba da ƙi, sai ka sabunta ca-certificates.

Mustafa: Tunda ana ta girke-girke, wanda ya sa burauza biyu ko uku zai ga in ya danna adireshi a cikin PDF ko imel wata daban ce ke buɗewa ba wadda yake so ba. A Debian da 'ya'yanta `sudo update-alternatives --config x-www-browser` zai jero su da lamba, ka zaɓa. In wata manhajar ta yi kunnen ƙashi, ka ƙara da `xdg-settings set default-web-browser firefox-esr.desktop`, ko sunan fayil ɗin wadda kake so.

Bala: To wanda aka warware daga tar fa, irin na Ɗanjuma? Ban gan shi a jerin ba.

Mustafa: Ba zai fito ba, don apt ne ke rajistar su a can. Ka fara rubuta masa fayil ɗin .desktop da Anti ta ambata, layin Exec ya nuna cikakkiyar hanyar da ka ajiye shi, sai ka ba xdg-settings sunan wannan fayil ɗin.